Cokalin Gado na Shida

Duk shekara idan aka turo mana ɗalibai masu koyon aikin jinya, sai in ga suna rige-rigen ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa. Wanda rabonsa ya faɗa ɗakin yara kuwa sai ya ɓata rai, wai an turo shi raino. Wata yarinya mai kaifin baki ta taɓa ce mini ai wannan ba aiki ba ne, ba yaro ruwa da madara ko kakarta ta iya. Na ce gaskiyarta, kakarta ta iya, shi ya sa ma nake so ta zauna ta ji labarin wata kaka. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina wannan rainon tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, kuma yanzu da na ajiye fararen kaya ba abin da nake da shi kamar lokacin surutu. Ku gyara zama.

Aikin farko da aka ɗora ni a kai a Jega shi ne awo. Shugabar ɗakin yara a lokacin Sista Ladi ce, wata doguwar mata 'yar Zuru wadda ba ta dariya sai da dalili mai ƙarfi. Ta miƙo mini sikeli mai ƙugiya irin na mahauta, da wani ɗan wando na yadi da ake zura yaro a ciki a rataye shi. Yaro yana tsala ihu yana harbin iska, allurar sikeli tana rawa, uwa tana hararata kamar na ce zan yanka shi. Haka na yi wata guda cur, ba allura, ba magani, sai awo. Ran nan na gaji, aka kawo wani yaro, na dube shi sama da ƙasa na rubuta kilo takwas. Sista Ladi ta ga katin, ta ɗauki yaron ta rataye da kanta. Shida da rabi. Da yake a lokacin bakina bai san tsoro ba, sai na ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ta ce wannan karin maganar in kai ta kasuwar Jega wajen masu hatsi, a ɗakinta ido bai san komai ba.

Sannan ta zaunar da ni ta yi mini lissafin da har yau ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi. Ruwan da jikin yaro yake bukata a yini daga nauyinsa ake fitar da shi, haka abincinsa, haka maganinsa. Yaron da bai kai kilo goma ba, kowane kilo nasa yana neman kamar mil ɗari a yini, ban da abin da gudawa ko amai ko zazzaɓi suka kwashe, wanda shi ma sai an mayar. Kilo ɗaya da rabin da na ƙara wa yaron nan da ido, nauyi ne na ɗora wa zuciyar da ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba. Ta ce babban mutum randa ne, a zuba a ƙara ba ya nunawa, jariri kuwa moɗa ce, kaɗan ya rage ta bushe, kaɗan ya ƙaru ta zube. Daga ranar ban sake rubuta nauyin da ban gani a sikeli ba.

Bayan awo sai ƙirga ɗigo. Na ji yanzu a manyan asibitoci akwai na'urar da take ƙirga muku, har ta yi ƙara idan leda ta ƙare. Mu agogon da ke maƙale a ƙirjinmu shi ne na'urarmu. Mutum ya tsaya gaban ledar ruwa, ya murza ɗan tayan nan na jikin roba, ya ƙirga ɗigo nawa suke sauka a minti ɗaya, an jima ya dawo ya sake ƙirgawa. Dole ya dawo, domin ba a rasa wani kawu mai son taimako da zai ga ruwan yana nawa, ya buɗe masa hanya don a gama da wuri a tafi gida. Sauran kayan aikin duk aljihun riga ya ishe su: igiyar awon dantse mai kore da rawaya da ja, sirinjin auna madara, kofi, cokali. Sai yatsu. A tsunkuli fatar ciki a ga ko za ta koma da sauri, a shafa maɗiga a ji ko ta faɗa, a leƙa baki, a duba ko kukan da hawaye yake yi. Tambayar da ta fi kowace ita ce yaushe rabonsa da fitsari. Ban san wata sana'a da ake murnar fitsari kamar tamu ba. An sha jiƙa mini fararen kaya ina godiya ga Allah.

Shi yaro ba ya musu da lissafi, kakarsa ce take yi. A Maiyama na taɓa ba wata tsohuwa ƙullin garin gishiri da sukari, na ce ta juye shi cikin ruwa lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. Washegari ta dawo tana alfahari, wai a kofin shayi ta haɗa shi don ya yi ƙarfi, jikanta ba zai sha tsararo ba tana raye. Sai da na sa ta ɗanɗana da kanta, ta tofar, sannan muka shirya. Akwai masu matse dakashi, wato nonon farko, su zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya aiko wa jariri. Akwai masu ɗura wa ɗan kwana uku ruwa, idan na hana su ce, "Sista, da wanga zahi?" Sai in ce uwar ta sha ruwan, zai iske shi ta nono. Amma duk cikin waɗannan ba abin da ya ba ni wahala irin son ƙarin ruwa. Mutumin ƙasar nan idan ya zo asibiti ba a rataya masa leda ba, to ba a duba shi ba ke nan. Har akwai mai zaɓen launi, ya ce shi mai rawaya yake so, ta fi shiga jiki.

Shekarar da ta fi kowace tsanani a Aliero ta same ni. Ƙyanda ta shigo da bazara ta bi gida gida, kafin yara su farfaɗo ruwan farko ya sauka, gudawa ta biyo baya. Ɗakinmu ya cika, yara biyu biyu a gado, wasu a tabarma har baranda. Mu biyu ne kawai a bakin aiki, sai likita da yake zagayowa da safe. A shekarar ƙarin ruwa ya yi rawar gani, ba zan ci amanarsa ba. A kawo yaro laƙwas kamar tsumma, a samu jijiya da ƙyar, kafin azahar ya buɗe ido yana neman nono. Mutane suka gani da idonsu, labari ya bazu ƙauyuka. Abin da ba su sani ba shi ne akwai wani irin yaro da ledar nan take iya kashewa. Yaron da tamowa ta ci, ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, zuciyarsa ta riga ta gaji, idan aka tura masa ruwa ta jijiya sai ya cika masa huhu. Irinsa, in ba suma ya yi likita ya yanke wani hukunci ba, sai dai ta baki: wata madara ta musamman marar nauyi, a auna ta da sirinji, a ba shi kaɗan kaɗan bayan kowace awa uku, ba fashi.

Irin wannan yaron aka kwantar mini a gado na shida, wata ranar Talata. Sunansa Mode, watansa goma sha ɗaya, nauyinsa kilo biyar da 'yan kai. Mutum uku suka kawo shi daga wani ƙauye na bayan gari. Akwai kakansa Malam Arzika, manomin albasa mai faɗa a ji a gidansa, da kakarsa Inna Tumba, sai uwarsa Hajo, wata siririyar Bafulatana da aka auro daga wajen Maiyama. Uban yaron ya bi motar albasa kudu. Likita ya duba ya rubuta abin da na riga na sani, ba ƙarin ruwa. Na yi lissafina, na auna madara na zuba a kofi, na nuna wa Hajo yadda za ta tallafe kansa ta riƙa ba shi da cokali, na ce kuma duk sanda ya nemi nono ta ba shi. Ta ce to, idonta a ƙasa. Na wuce gado na gaba.

Ban yi nisa ba Malam Arzika ya sha gabana.

"Sista, mu ƙarin ruwa munka zaka a yi mishi. Cokali ko gida akwai shi."

Na gaishe shi da kyau, na tambayi gona, sannan na ce, "Baba, in kunka yayyahwa irin albasa ya hito siriri kamar gashi, kukan sakam mishi bakin injin ban ruwa?"

Ya dube ni kamar na taɓu. Ya ce wa zai yi wannan wauta, ai sai irin ya kwanta ya ruɓe, da gwangwani mai huji ake bi da shi, safe da marece. Na ce to jikansa iri ne, bai zama albasa ba tukuna. Tsohon ya yi dariya har ya gyara hula, ya ce lallai bakina ya fi allurata kaifi. Amma bai sauka gaba ɗaya ba. Ya ce ya ba ni zuwa la'asar ta Alhamis, in bai ga canji ba zai ɗauke abinsa ya kai inda ake rataya leda. Na san irin wuraren da yake nufi, na kuma san cewa idan Mode ya fita ƙofar nan aka sa masa leda guda, da wuya ya kwana biyu a duniya.

Na ɗauka na gama da babbar matsala, ashe ban ma gan ta ba. Duk awa uku in kawo kofi gado na shida, in dawo in tarar da fiye da rabi. Inna Tumba ce take riƙe da cokali, tana lallashi tana wasa, yaro ya datse baki ya juya kai wajen uwarsa. Ita kuwa Hajo tana zaune can ƙarshen gado, ta ba shi baya tana kallon bango, sai ka rantse ɗan maƙwabta ne. Ko sau ɗaya ban ga ta sa shi a nono ba. Idan na tambaya sai ta ce ya ƙi. Na kawo bututun da ake zurawa ta hanci a tura madara ciki, Malam Arzika ya rantse ba mai zura wa jikansa roba a hanci. Katin gado kuwa ba ya ƙarya, abin da ya shiga cikin yaron bai kai rabin lissafi ba, kukansa ma ya koma kamar na ɗan mage. Ranar Laraba da azahar zuciya ta ɗebe ni. Na tsaya kan Hajo a gaban kowa na ce ko akuya ta fi ta kula da ɗanta. Ba ta ɗago ba, sai hawaye da na ga yana ɗiga kan zanenta. Har yau idan na tuna kalmar nan sai na ji kunya.

Akwai wata tsohuwa mai share mana ɗaki, Iya Ige, wadda ta girmi ginin asibitin. Tana jina, sai da na fita wajen famfo ta biyo ni da tsintsiyarta.

"Sista, boko ya cinye miki ido. Ɗan hwari na hwa. Ga uwar miji zaune bisa kai, ga 'yan dubiya suna shiga suna hita, mi kika so ta yi?"

Na tsaya da sabulu a hannu. Ni kaina 'yar fari ce, har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai waccan. Na san kunyar ɗan fari kamar yadda na san hanyar gidanmu, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, balle ta buɗe ƙirji ta ba shi nono suna kallo. A gida akwai ɗaki, akwai bayan ɗaki, za ta faki ido ta yi abin da za ta yi. Mu kuwa mun kwantar da ita a fili, gado a jikin gado, surukarta a zaune taku ɗaya daga gare ta tun safe har dare. Kwana biyu idona yana kan kofi da kati, ban dubi mutanen da ke zaune a gefensu ba.

Na ja Inna Tumba baranda na fara kewaye-kewaye, ta katse ni. Ta ce, "Na sani, ɗiyata. In na tashi, a ce na gudu na bar jikana. In na zamna, ita ba ta iya taɓa shi. Ni ma hakanan niy yi da ubanai." Ashe ita ma a ɗaure take, tun Talata tana neman wanda zai kwance su.

Asibitinmu ba shi da labulen kewaye gado. Na shiga ɗakin ajiya na jawo ƙarafunan rataya ledar ruwa guda biyu, na kafa su a gefen gado na shida, na ɗaura bandeji tsakaninsu ya zama igiya. Ina tunanin wane zanen gado zan cire, sai Inna Tumba ta kwance ƙullin kayanta ta fito da zanenta na fita unguwa, ta shanya shi a kai da hannunta. Sannan ta ɗauki kujera ta zauna a waje, ta juya wa labulen baya. Daga lokacin ta zama mai gadi. Duk ɗan dubiyar da ya nufo sai ta tare shi da gaisuwa mai tsawo har ya manta abin da ya kawo shi. Idan na kawo kofi ba ta yi wa Hajo magana, sai ta dubi sama ta ce, "Wai Sista ta ce lokaci ya yi," kamar da rufin ɗaki take zance. Sai a ga siririn hannu ya fito ta gefen zane ya karɓa.

Kofi na farko bayan labule, na yi kamar ina gyara gado na biyar ina saurare. Can sai na ji wata 'yar murya ƙasa ƙasa da Fillanci, tana yi masa hira tana yi masa tsiya. Na leƙa ta ƙasan zane. Hajo ta ɗora shi a cinya ta rungume, tana ɗiga masa madara a gefen baki, cokali ɗaya, ta jira ya haɗiye, ta goge, ta ƙara. Ko Sista Ladi ba za ta gyara mata riƙon cokalin nan ba. Da ya gama ta sa shi a nono. Kafin rabin awa aka turo kofi ta ƙasan labule, ba ko ɗigo. Da na je karɓa na ba ta haƙuri a kan maganar akuya, ta rufe fuska tana murmushi, ta ce ba komai.

Alhamis da la'asar Malam Arzika ya shigo da shirin tafiya, har da mai babur yana jiransa a waje. A lokacin kofi takwas sun shiga cif, Mode ya jiƙa tsumma sau uku, ya kuma samu muryar da zai yi kuka a ji shi daga bakin ƙofa. Tsohon ya hango ƙarafunan nan biyu tsaye, fuskarsa ta washe, ya ce alhamdu lillahi, ashe har guda biyu aka sa masa. Na so in bar shi a haka, amma ban iya ba. Na ce, "Baba, ku duba da kyau, zane na anka rataya." Ya matso ya duba, ya gane zanen matarsa, ya ga matar zaune ta juya baya, ya kuma ji abin da ke fitowa daga ciki. Sai ya yi gyaran murya, ya koma da baya a hankali, ya fita ya sallami mai babur. Daga ranar gindin dalbejiyar bakin ɗaki ya zama mazauninsa, sai dai ya aiko a tambaya kofi nawa aka sha. Bai ƙara ambaton ƙarin ruwa ba.

Sauran aikin na haƙuri ne. Kumburin ƙafa ya fara saɓewa, nauyi ya ɗan sauka, sai da na yi wa Inna Tumba bayani cewa ruwan banza ne yake fita, ba tsoka ba. Bayan 'yan kwanaki allurar sikeli ta juya ta fara hawa. Muka koma madara mai kauri, daga nan sai abincin gyaɗar nan na leda da yara suke lashewa har hanci. Ranar da Mode ya ƙwace cokali ya buga mini a goshi ya yi dariya, na ce wa likita ya shirya takardar sallama. Ƙarafunan nan biyu kuwa ban mayar da su ɗakin ajiya ba har na bar Aliero. Kuma tun daga Mode, bayan nauyi da fitsari, na ƙara tambaya ta uku ga duk yaron da aka kawo mini: na nawa ne a wajen uwarsa, kuma wace ce wannan da ke zaune kusa da ita. Ba za ku same ta a littafinku ba, ku rubuta ta a bayan bango.

Ranar sallama aka sauke labule, Inna Tumba ta ninke zanenta ta goya jikanta da shi. Hajo ta koma yadda ta zo, ta tsaya nesa tana ɗaure kwanuka, ko kallon inda yaron yake ba ta yi. Da sabuwar ɗaliba ce ta shigo a lokacin, da ta ce wannan uwa ba ta da imani. Ina cike kati sai na ji an taɓa gefen rigata. Hajo ce, murya kamar ba ta so iska ta ji.

"Sista, cokalin ga, ko kina bar min shi?"

Cokalin asibiti ne na silba, wutsiyarsa ma ta lanƙwashe. Na wanke shi na ba ta, ta yi maza ta ƙulle shi a bakin zanenta ta soke a ƙugu. Mun ɗauka ba wanda ya gani, ashe Malam Arzika yana tsaye bakin ƙofa. Na ce masa cikin tsokana, Baba ai kun ce cokali ko gida akwai shi. Ya dubi surukarsa da ta sunkuyar da kai, ya dubi yaron da ke bayan matarsa yana jan ɗankwalinta.

Ya ce, "Akwai shi, Sista. Amma wanga a bar mata."